Yadda Ake Dasa Manhol Na Zoben Kankare A Layin Magudanar Ruwa

Manhol rami ne da ake ginawa a kan layin bututun ƙarƙashin ƙasa domin a sami wurin leƙawa, a tura sandunan share toshewa, ko mutum ya sauka idan ta kama. Ana sa shi a farkon layi, a inda layi ya yi kwana, a inda faɗin bututu ko gangararsa ta canja, da inda layuka biyu suka haɗu. Ko a miƙaƙƙen layi ba a barin tazara ta yi yawa. Ƙa'idar Ingila ta tsaya a mita 90 tsakanin manhol da manhol, ta Amurka kuwa tana kaiwa mita 120 ga ƙananan bututai.

Yawancin garuruwanmu sokawe da lambatu muka sani. Amma wanda ya yi aiki a Abuja ya san akwai babban layin ƙazanta da ke gangarawa zuwa matatar Wupa, haka kuma jami'o'i da manyan asibitoci da barikoki da sababbin rukunan gidaje suna da nasu layukan, ga magudanan ruwan sama da ake binnewa ƙarƙashin tituna. A irin waɗannan wurare ne za a miƙa maka zane a ce ka dasa.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: zoben da aka zuba da kyau ba kasafai yake fashewa ba. Abin da ke kashe manhol shi ne gindin da ya nutse, mahaɗar da ke yoyo, da bututun da ya karye a bakin bango. Dukkansu kuwa a hannun mai dasawa suke, ba a hannun masana'anta ba.

Kayan da za ka tanada

Sassan manhol ɗin:
- gindi, wato sashen ƙasa mai daɓe da kafofin bututu
- zobba, waɗanda aka fi zubawa da tsayin santimita 25, 50, 75 ko 100
- falalen kankare na sama mai kafar shiga, ko zobe mai tsukakken wuya
- ƙananan zobban daidaita tsayi
- firam da murfin ƙarfe
- robar mahaɗa da man shafa mata, ko igiyar danƙon butil
- matakala, in zane ya nuna

Kayan gini: siminti (mai lambar ƙarfi 42.5 a jikin buhu ya fi dacewa da wannan aiki), yashin rafi mai kaifi, tsakuwar fasasshen dutse mai girman milimita 10 zuwa 20, jar ƙasa mai kyau ta ciko, gajerun bututai, da matosan bututu na gwaji.

Kayan aiki: na'urar lebur (ta auna tsayi da gangara) da sandarta, tef, filam (zare mai ɗan nauyi a ƙasa na gwada miƙewar abu a tsaye), igiya da fegi, diga da shebur, kuros, buroshin waya, guduma, injin daɓe ƙasa, injin jan ruwa, katako ko farantan ƙarfe na tokare bangon rami, tsani, da abin ɗagawa, kiren ko motar hayab ko katafila mai ƙugiya. Sai hular kwano, takalmin aiki, safar hannu, igiyar tsaro, da na'urar gwada iska.

Kada ka raina maganar abin ɗagawa. Kankare yana da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, don haka zobe mai faɗin mita 1.2 da tsayin mita 1 ya kai tan guda ko ya ɗan haura. Ba abin da leburori za su mirgina su jefa rami ba ne. In ba kiren, a kafa ƙafa uku na ƙarfe da cen-bulok, a kuma yi odar gajerun zobba na santimita 25 ko 50. Mahaɗai za su ƙaru, aikin liƙe su ya ƙaru, amma babu wanda zai rasa ƙafa.

1. Fitar da lebur kafin ka taɓa diga

A kan zane kowane manhol yana da lambobi biyu: lebur ɗin saman murfi da lebur ɗin ƙasan cikin bututu. Bambancinsu shi ne zurfin manhol. Sabon shiga yakan haƙa daidai wannan zurfin ya tsaya, ya manta akwai kaurin gindi da shimfiɗar tsakuwa a ƙarƙashin bututun. Misali, saman murfi 100.00, ƙasan bututu 97.60, zurfi ya zama mita 2.40. In kaurin gindi daga ƙasan bututu santimita 20 ne, shimfiɗa kuma 15, to ramin zai sauka zuwa 97.25, wato mita 2.75.

Ka kafa alamar tushe a kan abin da ba ya motsi, nesa da inda mota za ta taka, ka riƙa komawa gare ta. Sannan ka gwada gangara tsakanin wannan manhol da na gaba da kanka. In zane ya ce 1 cikin 150 kuma tazarar mita 60 ce, dole ƙasan bututu ya sauka da santimita 40. In lambobin zane ba su ba ka haka ba, koma wa injiniya kafin a zuba ko kwano ɗaya na tsakuwa.

Daga nan ka lissafa zobban da za su cike tsayin, ka bar sarari na santimita 15 zuwa 30 a sama domin zobban daidaitawa da firam.

In babu na'urar lebur, tiyo mai haske da aka cika da ruwa yana aiki a gajeriyar tazara, muddin ka fitar da kumfar iska daga cikinsa. A layin da ya wuce manhol biyu ko uku, ɗauko hayar na'ura. Kuskuren santimita biyu-biyu ne ke taruwa ya juya ruwa baya.

2. Duba kaya kafin a sauke daga mota

Tambayi mai kawowa wace ƙa'ida aka bi. Biyu aka fi gani: EN 1917 ta Turai, wadda Ingila ke haɗawa da BS 5911, da ASTM C478 ta Amurka. Ta Amurkan ta ce ƙarfin kankare kada ya gaza 27.6 MPa (ma'aunin da ake rubuta ƙarfin kankare da shi), kuma kaurin bango kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma sha biyu na faɗin ciki. Wato zobe mai faɗin mita 1.2 bangonsa ba zai gaza santimita 10 ba. Sa tef ka auna da kanka. Ka nemi takardar gwajin kankare, ka kuma duba ranar zubi da aka rubuta a jikin zoben, domin sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa.

Sannan ka zagaya kowane zobe. Ƙwanƙwasa shi da guduma a hankali: mai kyau yana amsawa da ƙara mai kaifi, mai rami a ciki kuwa sai ka ji "dum". Duba ko rodi ya leƙo, ko akwai ramuka-ramuka inda tsakuwa ta fito fili ba siminti a tsakaninta, ko tsaga ta ratsa daga ciki har waje. Ka fi mai da hankali ga leɓen mahaɗa, na sama da na ƙasa. Ɗan ɓallewa a jikin bango ana gyarawa da kwaɓin siminti, amma leɓen da ya ɓalle a inda roba za ta zauna ba ya gyaruwa, a mayar da shi. Auna faɗin ciki sau biyu a giciye, in awon ya bambanta sosai, zoben ba zai hau ɗan'uwansa ba.

Faɗin mita 1.2 shi ne aka saba da shi ga ƙananan bututai. Idan bututu ya kai milimita 375 ko ya wuce, ana ƙara faɗin manhol ɗin, zane zai faɗa.

A jera kayan a kan katako, ba a kan tsandauri ba. Robobi kuma a ɓoye su a inuwa, ranar Maris da Afrilu tana busar da su kafin a zo kansu.

3. Haƙa

Ramin ya fi wajen zobe faɗi da aƙalla rabin mita ta kowane gefe, domin a sami wurin tsayuwa da wurin da injin daɓe zai shiga. Ƙasar da aka fitar a tara ta nesa da baki, fiye da rabin mita, motoci kuma su yi nesa fiye da haka.

Da zarar zurfi ya wuce mita 1.2, a tokare bango ko a kwantar da shi ya yi gangara. Za ka ji masu cewa ƙasar nan marmara ce, ba ta zubowa. Da rani ke nan. Ruwan sama ɗaya ya isa ya canja ta, kuma ƙasar da ta rufto wa mutum zuwa ƙirji tana hana shi numfashi kafin a kai ga tono shi. A sa tsani a ciki, saman tsanin ya zarce bakin rami.

In katafila ce ke haƙa, a tsayar da ita saura santimita 10 zuwa 15, a ƙarasa da hannu. In an riga an zarce, kada a mayar da sakakkiyar ƙasa a tattake da ƙafa. A cike da tsakuwa a daɓe, ko a zuba kankare mara ƙarfi.

In ruwa yana tsattsafowa, a haƙa ɗan rami a kusurwa, a sa injin jan ruwa, kuma kada a kashe shi sai an gama ciko. A baƙar laka mai kumbura da damina ta dare da rani, irin wadda ta yawaita a yankin tafkin Chadi, a ƙara zurfi a cire ta, a maye gurbin da tsakuwa ko jar ƙasa, da shawarar injiniya.

4. Shimfiɗa

Zuba tsakuwa kaurin santimita 15, ka baza, ka daɓe, ka auna. Shimfiɗar ta zarce gindin ta kowane gefe. A ƙasa mai laushi an fi so a zuba kankare mara ƙarfi a bar shi ya kama.

Kada ka taɓa daidaita gindi da ɓaraguzan bulo ko guntun katako. Nauyin duka zai taru a wuri ɗaya, katakon ya ruɓe, bulon ya niƙe, manhol ya karkata. In gindi bai zauna daidai ba, a ɗaga shi, a gyara shimfiɗar, a sake saukewa, ko sau nawa ne.

5. Sauke gindi da haɗa bututu

Ja igiya a kan layin bututu mai shiga da mai fita, ka yi alama a bakin rami. A sauke gindin a hankali, mutum biyu na juya shi da igiya daga sama, ba wanda ke tsaye ƙarƙashin kaya. Kafofin su fuskanci layin sosai. Ɗora lebur a kan leɓen gindin ta ɓangarori biyu a giciye, sannan ka auna ƙasan kafar fita da na'ura. Karkatar da ido ba ya gani a nan ƙasa, in an hau mita uku za ta fito fili.

Yanzu ga wurin da aka fi yin ɓarna. Manhol nauyi gare shi, zai ɗan zauna bayan an gama, bututun kuma yana kwance a kan tasa shimfiɗar daban. In ka cusa dogon bututu cikin bango ka liƙe da siminti, ranar da manhol ya sauka ko da kaɗan ne, bututun zai karye daidai bakin bango, a inda ba mai gani. Daga nan ƙazanta ta riƙa fita, yashi ya riƙa shiga, titi ya fara lotsawa.

Maganinsa shi ne a ba bututun gwiwa. Guntun bututu ne zai fito daga bango, mahaɗarsa mai roba ta farko kada ta yi nisa da bango fiye da kimanin santimita 15. Sai a bi shi da wani gajere mai tsawon santimita 60, shi ma da mahaɗar roba a ƙarshensa, kafin a ci gaba da dogayen. Wannan gajeren shi ne zai lanƙwasa ya shanye motsin. A yi haka a kowane bututu, mai shiga da mai fita.

In gindin ya zo da robar kafa tun daga masana'anta, shafa mai ka tura bututun, ka ɗaure zoben ƙarfen in akwai. In babu, ka cike zagayen da kwaɓin siminti mai ƙarfi, ɗaya cikin uku, wato awo ɗaya na siminti da uku na yashi, ciki da waje. Bututun roba santsi gare shi, siminti ba ya kama shi, sai an sa masa mahaɗi na musamman ko a shafa masa gam a barbaɗa yashi ya bushe tukuna.

In ana buƙatar sabuwar kafa, a huda da injin yanka mai zagaye. Fasa zobe da babbar guduma yana tsaga shi ya yanke rodi. In dole sai da hannu, a jera ƙananan huji da dirila a zagaye, sannan a cire tsakiyar da kurfi a hankali.

Idan bututu mai shiga ya fi ƙasan manhol tsayi da santimita 60 ko fiye, ba a barin ruwan ya faɗo haka nan. Ana yi masa bututun saukarwa a tsaye, a waje a lulluɓe da kankare, ya shigo ta ƙasa. Faɗowar ruwan ƙazanta tana cin daɓe, tana kuma tayar da iska mai guba.

6. Hanyar ruwa da dakali

Wasu gindayen suna zuwa da hanyar ruwa a shirye. In naka fili ne, kai za ka gina. Hanyar ta zama rabin da'ira daidai faɗin bututu, bangonta ya miƙe tsaye har saman bututun, daga nan dakali ya tashi zuwa bango da gangarar da ba ta wuce 1 cikin 10 ba, ba ta kuma gaza 1 cikin 30 ba. In ya fi haka tsayuwa, mai aiki zai zame. In ya kwanta, ƙazanta za ta zauna a kai ta ruɓe.

Kwana a yi ta da lanƙwasa mai laushi, reshe kuma ya shigo yana bin inda ruwa ya nufa, kada ya sare shi a tsaye. An saba barin saukar kusan santimita 3 tsakanin shiga da fita. Inda ƙaramin bututu ya shiga babba ya fita, saman bututan ake daidaitawa, ba ƙasansu ba.

Hanya mafi sauƙi ta samun siffa mai kyau ita ce a tsaga bututu gida biyu ta tsawonsa, a kwantar da rabin, a zuba kankare a gefensa. A goge da kuros na ƙarfe har ya yi sumul. Zuba bokitin ruwa da ɗan yashi ta sama ka tsaya ka kalla: duk inda yashin ya tsaya, nan toshewa za ta fara.

7. Jera zobba

Goge leɓen ƙasa da na sama da buroshin waya, kada a bar ko ƙwayar tsakuwa. In roba ce, ɗora ta a mazauninta, ka zura sukundireba ƙarƙashinta ka zagaya sau biyu domin jan ya daidaita ko'ina, sannan ka shafa man da aka kawo tare da ita. Kada a sa baƙin mai ko giris, suna cin roba. In man ya ƙare, ruwan sabulu mai kauri ya wadatar.

A sauke zoben a tsaye cak. In gefe ɗaya ya riga sauka, robar za ta murɗe ta fito. Bayan ya zauna, shiga da tocila ka bi mahaɗar da yatsa: tazarar ta zama ɗaya a duk zagayen. In ka ga baƙin leɓen roba ya leƙo a wani wuri, ɗaga zoben a sake. Ba a tura ta ciki da ƙusa a shafe da siminti.

In danƙon butil ne, a jera shi a zagaye, bakin biyu su haɗu a manne su, a cire takardar, nauyin zobe zai matse shi. In ba roba ba danƙo, kwaɓin siminti ɗaya cikin uku zai yi a magudanar ruwan sama: jiƙa leɓen, shimfiɗa kwaɓin ya cika, sauke zoben tun yana ɗanye, goge ciki da waje. A layin ƙazanta ko inda ruwan ƙasa yake kusa, ni ba na yarda da siminti kaɗai. In an rasa yadda za a yi, a zagaye manhol ɗin da kankare kaurin santimita 15.

Matakala su hau layi ɗaya daga sama har ƙasa, tazara kusan santimita 30, kuma su sauka a kan dakali, ba a kan bakin bututu ba. Tun kafin a ɗaga zobe ka yi masa alamar alli a waje. Kafofin ɗagawa kuma a toshe su duka da kwaɓi mai ƙarfi. An sha gama aiki mai kyau ruwa ya riƙa tsiyaya ta nan. Bayan kowane zobe, a sa filam.

8. Gwaji

Gara a gwada kafin ciko, lokacin da ido ke ganin kowace mahaɗa ta waje. Toshe bututai duka, ka tokare matosan, ka cika manhol da ruwa. Bar shi awa guda kankare ya sha, in zobban sun bushe ƙwarai a bar shi ya kwana. Sai ka cika zuwa alama, ka riƙa ƙara ruwa da ma'auni tsawon minti 30 domin ya tsaya a alamar. Ƙa'idar EN 1610 ta yarda da lita 0.40 a kowace murabba'in mita da ruwa ya taɓa. Manhol mai faɗin mita 1.2 da ruwa mita 2 yana da kusan murabba'in mita 8.7, don haka abin da ka ƙara kada ya wuce lita uku da rabi.

Akwai gwajin zuƙe iska na ASTM C1244, inda ake zuƙewa zuwa inci 10 na zaiba a ma'aunin na'urar, a ga tsawon lokacin da zai sauka zuwa 9. Ya fi sauri kuma ba ya cin ruwa, sai dai na'urar ba ko'ina ake samunta ba.

9. Ciko

A zuba ƙasa kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe, a zagaya ko'ina daidai kafin a ƙara wani. In aka cika gefe ɗaya, zobba za su goce. Ƙarƙashin bututai da gefensu da hannu ake cusa tsakuwa, a daɓe da madaɓi. Ban da manyan duwatsu, ban da shara da baƙar laka. In ba inji, madaɓin hannu zai yi, amma a rage kaurin zuwa santimita 10.

Wanda ya tura ƙasa da katafila ya cike rami a tashi ɗaya, damina ce za ta tona shi. Kwalta za ta lotsa a zagaye, murfin ya tsaya a sama kamar cibiya, kowace mota ta riƙa dukansa har firam ya saki.

Akwai wani abin da ba a cika tunawa ba: manhol yana iya tasowa. Mai faɗin mita 1.2 da zurfin mita 3, in ruwan ƙasa ya kai sama, ruwan yana tura shi da ƙarfin kusan tan 5, nauyinsa duka kuwa bai fi haka da yawa ba. A fadama da bakin kogi a nemi gindi mai fiffike, wanda ƙasar ciko za ta danne, kuma kada a bar shi a rami ba ciko a kwana da hadari a sama. In dare ya yi ba a gama ba, a cika shi da ruwa.

10. Falale, firam da murfi

Falalen sama ya zauna a kan roba ko kwaɓi kamar sauran mahaɗai, kafarsa daidai kan matakala. Kafar shiga kada ta gaza santimita 60. A ɗora zobban daidaitawa, kada jimillarsu ta wuce santimita 30, in ba haka ba wuyan zai yi tsawo, shiga ta yi wahala. In ba su, bulon kankare mara rami ko jan bulo mai ƙarfi zai yi. Bulo mai rami ba ya ɗaukar mota.

Murfi aji-aji ne a ƙa'idar EN 124, kuma ajin a rubuce yake a jikinsa. A15 na inda ƙafa da keke kawai ke bi ne, B125 na hanyar masu tafiya da ƙafa a gefen titi da wurin ajiye ƙananan motoci, C250 na bakin kwalta, D400 na tsakiyar titi, yana ɗaukar gwajin tan 40. E600 da F900 na tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama ne. Sa B125 a hanyar tirela don rage kuɗi ganganci ne da rayukan mutane.

Firam ya zauna a kan kwaɓi cikakke, ba gibi, a zagaye shi da kankare. A titi ya yi daidai da saman kwalta, yana bin gangararta. A fili ko gona, murfin layin ƙazanta ya ɗan ɗara ƙasa domin kada ruwan sama ya shiga. A tare hanya kwana bakwai kafin mota ta taka.

Satar murafan ƙarfe ta addabi Abuja da wasu biranen, buɗaɗɗen manhol kuma tarko ne ga yara da masu babur, musamman in ruwa ya rufe titi. A nemi murfi mai hinji da makulli, ko wanda ba na ƙarfe ba da masu sayen ƙarafa ba sa so.

11. Shiga ciki

Ranar da za a haɗa sabon layi da tsoho, ko a cire matosai, wani zai sauka. A nan ake rasa rayuka. Ƙazanta tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, zafin ƙasarmu kuma yana ƙara ta. Ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka ƙasa take taruwa. In ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ta fi haɗari. Ita ce kuma ke zama asid a jikin bango mai damshi ta ci kankare, shi ya sa ake shafa wa manhol ɗin da ke kusa da bututun famfo ko wurin faɗowar ruwa abin kariya a ciki.

A buɗe murfin wannan da na maƙwabtansa biyu, a hura iska da fanka. A zura na'ura a gwada sama, tsakiya da ƙasa. Iskar oksijin kada ta gaza kashi 19.5 cikin ɗari. Kada a gwada da ashana ko fitila, akwai iskar da ke kamawa da wuta. Kada a kunna janareta a bakin ramin. Mai sauka ya sa ɗamarar tsaro da igiya a ɗaure da ƙafa uku, mutum biyu su tsaya a sama ba sa ko'ina. In ya faɗi, a jawo shi da igiya. Kada kowa ya bi shi ciki, domin sau da yawa mai zuwa ceto shi ne gawa ta biyu. In ba na'urar gwada iska, babu madadinta: a yi aikin daga sama da sanduna da ƙugiya, ko a jira a samo ta.

Kafin ka miƙa aiki, kwashe duk guntun siminti da katako daga hanyar ruwa, ka ƙirga matosan da ka sa ka tabbata duk sun fito. Sannan ka sake auna saman murfi da ƙasan kowane bututu, ka rubuta a kan zane tare da nisan manhol ɗin daga abubuwa biyu da ba sa motsi, kamar kusurwar gini ko turken wuta, domin a iya gano shi ko da an sake shimfiɗa kwalta a kansa.